Babi na Biyar: Jirgin da Ke Zaune a Kan Yashi

Wanda ya tsaya a kan gadar Jega cikin watan Maris ya leƙa ƙasa, sannan ya komo ya sake leƙawa cikin watan Satumba, zai iya rantsuwa cewa gulbi biyu ya gani. Da bazara Gulbin Zamfara, wanda ake kuma kira Gulbin Gindi, ramewa yake yi har haƙarƙarinsa su fito: tudun yashi nan, ɗan kwarin ruwa can, masu wanki sun baza kaya, shanu na ratsawa ruwa bai taɓa musu ciki ba. Da damina ta nutsa kuwa sai ya taho ja wur da laka, ɗauke da ruwan da ya kwaso tun daga ƙasar Anka da Gummi da Kebbe, ya haye gaɓa, ya shafe fadamun Jega da na Maiyama kafin ya je ya zuba a Gulbin Kabi. Kwale-kwalen da aka kife a kan yashi da rani shi ne dai ake turawa cikin wannan ruwa da damina. Mun saba in aka ce jirgi ya yi haɗari sai hankalinmu ya tafi tsakiyar gulbi, domin a can ake nutsewa, a can kuma ake neman gawa. Amma da yawa daga jiragen da suka kife da mutane a ƙasar nan, tun suna bakin gaɓa aka gama yanke musu hukunci, a wurin da ruwa bai kai gwiwar yaro ba. Duk mai son rage mace-macen ruwa a wannan yanki, a mashigi ya kamata ya kafa idonsa, a kan 'yan mintocin nan da ake loda jirgi ana tura shi.

Akwai mutanen da bakin ruwansu ya fi namu wuyar sha'ani, wato masuntan teku, kuma a wurinsu za a fi ganin abin a fili. Teku ba ta zama wuri guda. Wata yana jan ruwanta, rana ma tana taya shi, saboda haka a mafi yawan gaɓoɓin duniya takan cika ta janye sau biyu tsakanin yini da kwana. Daga wata cika zuwa ta gaba kimanin awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kowace rana lokacin cikar ke ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, cikar takan fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma a mashigin tekun Fundy da ke Kanada yakan kai mita 16, tsayin bene mai hawa biyar. Inda gaɓa ta kwanta shimfiɗe, raguwar kamu ɗaya kawai tana iya mayar da bakin ruwa baya har sai mutum ya yi tafiyar mintoci cikin laka kafin ya cim masa. Ruwan kuma ba da gudu ɗaya yake hawa ba. Matuƙa jirgi suna da lissafin da suke yi da ka: a awar farko kashi 1 cikin 12 na cikar ke shigowa, a ta biyu kashi 2, a ta uku da ta huɗu uku-uku, sannan ya sake lafawa. Wato rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake zuwa. Masuncin da ya yi kuskuren wannan lissafi, ko dai jirginsa ya zauna a kan laka har awa shida kifinsa na lalacewa cikin rana, ko kuwa ruwa ya biyo shi ya cinye kayan da ya bari a gaɓa.

Hausawan zango da ke zaune a garuruwan bakin teku na Gana, irin su Cape Coast da Sekondi, sun san kallon da ake yi da asuba in Fante za su fita su. Haka nan a Guet Ndar, unguwar masunta ta Saint-Louis a Senegal, ko a Kayar. Ana mirgino jirgin a kan guma-gumai har bakin ruwa, koma da sauran kaya a tsakiyarsa, 'yan jirgin su tsaya cikin ruwa suna riƙe da shi ta gefe biyu, hancinsa na fuskantar igiyar ruwa sak. Ba wanda zai yi tsalle ya shiga sai shugaban jirgin ya ba da murya, shi kuwa idonsa na kan teku, domin igiyoyin a jere suke zuwa, manya su wuce sannan a samu ɗan sarari. A cikin wannan sarari ake turawa, a haye, a kama tuƙi ko a ta da inji. In aka yi sake jirgin ya ba igiya haƙarƙarinsa, nan take zai kife, alhali mutane na tsaye a gaɓa suna kallo. A Hastings ta Ingila, inda masunta ba su da tashar da za su ɗaure jiragensu, har yau daga kan tsakuwar gaɓa suke tura su da katafila, su jawo su da inji in sun komo. Kayan aikin sun bambanta, amma tsarin guda ne: duk tsanani da horon sana'ar an tara su ne a taku hamsin na farko, kuma a wannan wuri bakin mutum ɗaya ake bi.

Mu ma muna da cika da janyewa, sai dai namu sau ɗaya ne a shekara. Ruwan sama yakan kankama a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, gulbi ya tumbatsa tsakanin Agusta da Satumba, daga nan ya riƙa ja da baya har bazara. Kogin Kwara a ƙasar Yawuri sau biyu ma yake cika: farin ruwa mai laka na daminar kusa, da baƙin ruwa wanda ke isowa da sanyin hunturu, bayan ya taso daga tsaunukan Gini ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali. Sannan ga hannun ɗan Adam. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, da ta Bakolori a 1978, da ta Goronyo bayanta, hawa da saukar ruwan Kwara da na Rima ba ga sama kaɗai suka dogara ba, har da ranar da aka buɗe ƙofa. Mutanen fadamar Rima ba su manta ambaliyar 2010 ba. Masuncin teku yana da jadawalin cikar ruwa da aka buga masa shekara guda kafin lokaci. Basarken Jega, mai su a gulbi, ba shi da wannan. Hadarin da ya zuba jiya a ƙasar Zamfara, wanda ko walƙiyarsa bai gani ba, shi zai iso masa yau ya sauya masa mashigi. Gulbi mai yashi kuma kowace damina sabuwar shimfiɗa yake yi. A bayan kwana ruwa na gudu yana cin gaɓa ta ƙasa, ya bar ta tsaye kamar bango, da zurfi tun daga taku na farko. A cikin kwana kuwa ruwan lafawa yake yi ya sauke yashi, sai a samu wuri mai faɗi marar zurfi. A irin wannan wuri na biyu aka fi yin mashigi, domin a nan mace mai goyo za ta iya takawa ta shiga, a nan za a iya tura babur. Sauƙin nan nasa shi ne tarkonsa.

Jirgi yana iyo ne domin yana ture ruwa, kuma nauyin ruwan da ya ture daidai yake da nauyinsa haɗe da abin da ya ɗauka. Fiye da shekara 2,200 ke nan da Arkimidis Bagirke ya bayyana wannan, kodayake masu sassaƙa kwale-kwale sun san shi da hannunsu tun kafin a haife shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ɗauki misalin kwale-kwale mai tsawon mita 8, wanda faɗin cikinsa da ke kan ruwa ya kai murabba'in mita 6: duk kilo 60 da aka ɗora masa zai nutsar da shi da santimita ɗaya. Mutum goma, santimita goma. Idan santimita 25 ne tsakanin leɓensa da ruwa sa'ad da yake wayam, mutum 15 za su bar shi da goma kacal, faɗin tafin hannu. Wannan lissafi ba ya ƙarya muddin jirgin na kan ruwa. Amma a mashigi marar zurfi ba a kan ruwa yake ba. An turo hancinsa kan gaɓa, cikinsa na zaune a kan yashi, yashin kuma na ɗauke masa wani kaso na nauyin. A ɗora buhun shinkafa, bai motsa ba. A ɗora buhun albasa irin ta Aliero, wanda ya fi ƙato guda nauyi, bai motsa ba. A cicciɓa babur mai kilo ɗari da wani abu a ɗora, leɓen jirgi na nan inda yake, ga shi tsaye kyam ba ya ko tangaɗi. Kowa ya duba zai ce da sauran wuri. Sai an sa gwangwala an tunkuɗa, cikinsa ya rabu da yashi, sannan gaskiyar nauyin za ta bayyana, jirgin ya sauka lokaci guda. A lokacin kuwa ruwa ya riga ya kama shi ya fara jan sa, juyawa ta zama haɗari, kuma babu fasinjan da zai yarda a ce shi ne zai sauka.

Daga nan komai ƙanƙantar abu ya isa. Iskar da ke riga hadari zuwa da la'asar ta taso daga gabas ta ɗaga 'yan igiyoyi, ko wani jirgi mai inji ya gifta, ruwa ya ɗan tsallako. Ruwan da ke cikin jirgi ya fi kaya mugunta, domin kaya na zaune inda aka ajiye su, shi kuwa duk inda jirgin ya karkata can zai kwarara ya ƙara masa karkata. Wani ya firgita ya miƙe tsaye, nauyi ya koma sama, na kusa da shi su zame gefe guda. Wanda aka sa kwalfe ruwa ba shi da wurin sunkuyawa saboda buhuna sun rufe ƙasan jirgin. Ko kuma a ci karo da kututture, irin waɗanda suka cika tafkin Kainji tun da ruwa ya shanye dazuzzukan wurin: jirgi marar nauyi zai goge shi ya wuce, mai lodi fiye da kima kuwa katakonsa ne zai buɗe. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai je Wara da ke ƙaramar hukumar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150, da babura da buhuna, ya tsage a tsakiyar ruwa; waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su je Mauludi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna komowa daga biki da dare. Ranar 14 ga Satumba 2024 kuwa a kan wannan gulbi namu ne, a Gummi, inda jirgi ya kife da manoma fiye da hamsin da ke hanyar gona da safe. Ruwan ya bambanta, jiragen sun bambanta, amma a kowane ɗaya zancen da ya fara fitowa daga bakin jami'ai da waɗanda suka tsira shi ne lodi ya yi yawa. Lodi kuwa a gaɓa ake yin sa.

Ba yau aka fara fito a wannan gulbi ba. Tun da Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa Jega bayan jihadi, kasuwarta ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, kuma gulbin na cikin abin da ya ɗaukaka ta. Abin da ya sauya shi ne wanda ke cikin jirgin da abin da ke tura shi. Kwale-kwalen su, wanda aka sassaƙa daga gungumen maɗaci, an yi shi ne don mutum biyu ko uku da birgi da taru da mamari, dukkansu Sarkawa da suka iya iyo tun kafin su iya sallah. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci, aka koma jirgin katako da ƙusa, wanda ya fi girma amma yake da gaɓoɓin da ke iya buɗewa. Inji ya zo, ya ba matuƙi ƙarfin da hannunsa ba shi da shi. A da nauyin jirgi a kafaɗar mai gwangwala yake sauka, in ya yi yawa jikinsa ne zai fara gaya masa. Yanzu sai dai ya ƙara murɗa mai. Injin ma a ruwa marar zurfi yake cin wuya, farfela na sarar yashi, famfon sanyaya shi na zuƙar rairayi, sai ya zo ya mutu a tsakiyar gulbi inda aka fi bukatarsa. Sannan fasinja sun ƙaru. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kabi a watan Nuwamba 2015 fadama ta ƙara daraja, masu tsallaka ruwa da taki da injin ban ruwa da 'yan ƙwadago suka yawaita, da yawansu kuwa mutanen tudu ne da ba su iya ruwa ba. Jirgin masunci ya zama motar haya ba tare da ya samu tasha ko ɗan kamasho ko dokar lodi ba.

A tsarin gargajiya akwai mai magana a bakin ruwa. Sarkin Ruwa shi ke cewa a shiga ko kada a shiga, shi ke rufe wani gurbi har kifi ya hayayyafa, shi ake nema in wani ya nutse. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan iko ya ginu: dubban masunta da homa da gora a bakin Matan Fada, ba mai taɓa ruwa sai an ba da izini. Muna tafa wa wannan horo kwana guda a shekara gaban baƙi, sauran kwanakin kuma a mashigan ƙauye ba mai iya hana ko buhu ɗaya hawa jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, tana da dokoki masu kyau, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Amma ba ta da ma'aikatan da za ta tsayar a kowane mashigi daga Gummi zuwa Yawuri, kuma ba za ta taɓa samun su ba. Sarkin Ruwa da yaransa kuwa suna wurin tun asuba, ba don an biya su ba.

Ingila ta taɓa shiga irin wannan hali, lokacin da masu jiragen teku ke cika su da kaya har su nutse da ma'aikata, su kuwa su karɓi kuɗin inshora. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har dokar 1876 ta tilasta a zana layi a jikin kowane jirgi, wanda in ruwa ya rufe shi an yi laifi. Da farko mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana layin, abin bai yi wani tasiri ba, sai a 1890 da hukuma ta karɓi aikin. Har gobe wannan layi na jikin jiragen da ke shiga Apapa. Babu abin da zai hana a yi wa kwale-kwalen fito irinsa: a gwada shi a ruwa mai lafiya gaban Sarkin Ruwa da wakilin ƙaramar hukuma, a ja masa jan layi da fenti, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka. Sai dai layin ba shi da amfani ga jirgin da ke zaune a kan yashi, saboda haka dole ya zo da ƙa'ida ta biyu, cewa ba a loda jirgi sai yana iyo. A kafa turaku inda ruwa ya kai cinya, a ɗaure shi a can, a miƙa masa katako ko dandamalin da aka ɗaura a kan durom-durom wanda za a riƙa ja gaba da baya yadda ruwa ya sauya. Matakalar siminti ba ta dace da gulbin yashi ba, domin da rani za ta tsaya a tudu nesa da ruwa, da damina kuma ta nutse. A ƙara da turke guda mai alamu a gaɓa, wanda in ruwa ya kai wata alama za a rage lodi, in ya kai ta sama a dakatar da fito. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙarƙashin masarautar Gwandu suke, umarni ɗaya daga fada zuwa ga hakimai ya isa ya ba sarakunan ruwa bakin magana.

Za a ce kwana ne ya ƙare, wanda aka rubuta zai mutu a ruwa ba zai mutu a tudu ba. Babu Musulmin da zai musa ƙaddara. Amma malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Jega da Gwandu, wanda aka ba amanar kaya ya yi sakaci lamuni na kansa. Manomin Aliero da ya yarda cewa arziki na Allah ne bai fasa tsaga rumbun albasarsa don iska ta ratsa ba. Ta'aziyya ita ce wurin ambaton ƙaddara. Wanda ya jawo ta a lokacin da ake ɗora buhu na ashirin, son kuɗin fito yake lulluɓewa da ita.

Masu cewa gada ce magani sun fi ƙarfin hujja. Gaskiya ne gadar Jega, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Koko zuwa Yawuri, ta kashe fito a wurin da take, kuma duk inda aka samu gada an huta. Amma fadamar da ke zama tafki mai faɗin kilomitoci wata uku a shekara ba a yi mata gada, gonar da ke kan gungu ba titin da zai je mata, masunci kuwa cikin ruwan yake nema, ba tsallake shi ba. Ko da za a yi gadoji goma, shekaru za su ɗauka, damina kuwa ba ta jira. Haka zancen rigar kariya. Tana ceton rai, ya kamata a yawaita ta, kuma hukumomi irin su HYPPADEC sun raba ta a garuruwan bakin ruwa. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya kife, kuma riga talatin ba za ta yi wa mutum tamanin komai ba, balle mace mai goyo da yara biyu a hannu cikin ruwan Satumba. Jirgin roba na zamani ma in aka loda shi a kan yashi fiye da ƙarfinsa hanyar da na katako ya bi zai bi. An fi son rabon riguna da sababbin jirage ne, in za a faɗi gaskiya, saboda suna da kwangila kuma suna kyau a hoto, gwangwanin fenti kuwa ba mai kiran 'yan jarida a kansa.

Hujjar da ta fi duka nauyi ita ce ta mai jirgin kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin mai ya ninka, fasinja kuma ba su da abin ƙari. In ya ɗauki mutum goma sha biyar maimakon talatin, wa zai cike masa gurbin? In ya ƙi ɗauka, maƙwabcinsa zai ɗauka. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa nasiha ga mutum ɗaya ba ta aiki. Dokar sai ta hau kan kowa a mashigin lokaci guda, da layi irin na tashar mota da kuɗin fito tsayayye, yadda mai kiyayewa ba zai zama shi ne mai asara ba. A gajeren fito, inda tsallakawa ba ta wuce minti goma ba, sahu biyu ba wani mai mai yawa zai ci ba, wasu ma da gwangwala da filafili ake yi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Mai fito ɗan gari ne. Wanda ya zo a makare yana cewa «haba ɗan'uwa, ni kaɗai ne, a taimaka», wataƙila surukinsa ne, ko liman, ko ƙanen maigari. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya duban dattijo ya ce «Baba, sai sahu na gaba» ba, sai ya sunkuyar da kai ya matsa masa wuri. Jan layi na ɗauke masa wannan nauyi. Ba shi ya hana ba, layi ne ya nutse, ga kuma yaron Sarkin Ruwa tsaye yana kallo. Wasu za su ce sarakunan ruwan ma mutane ne, ana iya toshe musu baki, wasu kuma su ce sana'arsu ta cuɗanya da tsatsube-tsatsube. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma layin fenti kowa na ganinsa, har yaron da ke kiwon awaki a gaɓa, kuma sanin inda yashi ya koma bana da inda ruwa ke juyawa ilimi ne na ido da ƙafa, ko da wane irin asiri aka naɗe shi.

Shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da hakimansu, da sarakunan ruwa, ba sai sun jira Abuja ko Lokoja ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Fabrairu zuwa Mayu jiragen na kife a kan yashi ana toshe musu ɓaraka, masu su na zaune kusa da su, kuma a lokacin ne mutum zai iya takawa da ƙafa ya kafa turke a inda ruwa zai shanye kansa cikin Agusta. A ƙidaya mashigai, a gwada jirage, a ja layin kafin ruwan Yuni ya sauka.